Jan Rufin da Itondo Ya Yi Ta Nema

Itondo bai iya zama ba. Duk wanda ya san shi a ƙauyenmu, nan kudu da Kiribi, wannan zai fara gaya maka kafin ya gaya maka masunci ne. A coci ma bencin ƙarshe yake kamawa, ƙafa ɗaya a waje, yana karkaɗa gwiwa har matar da ke gabansa ta waiwayo ta galla masa harara. Abinci a tsaye yake ci. Matarsa Ebenye takan ce shekararsu talatin da biyar tare, ba ta taɓa jin kujera da ɗumi bayan ya tashi ba. Wuri ɗaya tak yake natsuwa, cikin sauronsa, ɗan kwalekwalen nan na mutum ɗaya da ake saɓawa a kafaɗa. Can za ka gan shi tsit, ƙafa ɗaya a ruwa ta nan, ɗaya ta can, su ke riƙe shi kada ya kife, hannuwa kuma suna fama da fatsa.

Gidansu suna da dutse. Ba a tudu yake ba, yana can ƙarƙashin teku, tuƙin kusan awa guda daga gaɓa, kuma jajayen kifi manya sun mai da shi gida. Kakan kakansa ne ya gano shi. Kowane tsohon gida a nan yana da irin nasa, ba kuma a gane wurin sai an waiwaya an daidaita alamu biyu a gaɓa, wannan ya hau kan wancan. Ni ma rabi na sani, shi ma sai daga baya, cewa akwai jan rufin tsohon siton koko da ke ƙetaren bakin kogi, don rufin shi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Ƙa'idar ɗaya ce, ba a faɗin alamun a tudu. Ko a kunne ba a raɗawa. Uba zai shiga sauronsa, ɗa ya shiga nasa, su je can, a nuna da yatsa.

To, Itondo ba shi da ɗa namiji. 'Yarsa ɗaya ce, Etonde, malamar makaranta a Duwala. Ƙanensa Ngande ya rasu tun da ƙuruciya, sauronsa yana nan rataye a rufin ɗakin girki ya sha hayaƙi ya yi baƙi. Sai maƙwabcinsa Mpeke, aminin ƙuruciya, wanda ya shekara talatin yana bin sa a baya da asuba ko zai ga inda yake tsayawa. Itondo kan yi ta yawo da shi a teku sai hannuwan Mpeke sun mutu, sannan ya juyo ya ce masa, "Malam ɓarawo, ka karya kumallo kuwa?"

Abin da ba wanda ya sani shi ne idanun Itondo sun soma tafiya. Na kusa yana gani, yana ɗaura ƙugiya, yana gane fuskar mai gaishe shi. Na nesa kuwa sai ya zama kamar ana kallo ta hayaƙin bandar kifi. Shekara uku ke nan yana ɓoyewa. Yana zuwa dutsen da ƙidayar filafili da jin yadda ruwa ke jan ƙafarsa, wata rana ya dace, wata rana ya dawo da 'yan ƙananan da ko mage sai ta yi shawara. Ba makantar yake tsoro ba kamar a ce dutsen da ya ci da gidansu tun kakan kaka a hannunsa ya ɓace. Rashin zaman nasa sai ya ninka, ya shiga ɗaki ya fito, ya kwance fatsa ya naɗe, ya je bakin ruwa ya dawo ba abin da ya ɗauko.

Wata Asabar ya kai kifi wani otal a Kiribi, ya tarar da baƙi sun fito daga teku da 'yan jiragensu na roba masu ruwan ɗorawa, su ma mutum ɗaya-ɗaya. Ɗaya daga cikinsu yana da wani ɗan akwati ɗaure a goshi, ruwa na ɗiga daga jikinsa. Itondo ya tambaya, baƙon ya ce kyamarar bidiyo ce, ruwa ba ya yi mata komai, duk inda ya je ta ɗauka. Ai kuwa Itondo ko canjinsa bai tsaya karɓa ba. Ya zo gida yana magana shi kaɗai. Idan ido ya ƙi, ga ido na sayarwa! Zai je kan dutsen ya ɗauki gaɓa da alamunta, ya kulle a akwati. Wata rana wani jinin gidan zai taso ya kalla. Kyamara ai ba ta magana, nunawa take yi, ke nan bai karya ƙa'ida ba.

"Duwala za ni," ya ce wa Ebenye.

"Yau kuma? Wa ya mutu?"

"Kyamara zan sayo."

"Baban Etonde, kai da ko waya sai an danna maka? Hoton wa za ka ɗauka, wannan fuskar taka?"

"Kifi zan riƙa ɗauka, don Mpeke ya daina ce mini maƙaryaci."

Ita dai ta naɗe masa gasasshen kifi da rogo a ganye ya kai wa 'yarsu, ta ce Allah ya shirya.

Etonde ce ta raka shi kasuwar kayan lantarki, kuma ta ce ba ta taɓa shan wuya irin ta ranar ba. Shago takwas suka shiga. A wannan ya ce ta yi nauyi, za ta karkata masa sauro. A wancan ya ce maɓallan sun yi ƙanana, yatsun masunci ba na tela ba ne. Wata kuma batirinta minti ashirin ne, ya ce wannan ko rabin hanya ba za ta kai ba. Kafin mai shago ya gama bayani ya riga ya fita yana leƙen na gaba, ita tana biye da shi da jakar kifi tana ba mutane haƙuri.

A shago na tara suka sami Kamga, wani mai tumbi da fara'a, ya ajiye musu guda biyu a kan tebur. Ɗaya mai dogon hanci ce, ya ce tana jawo abin da ke nesa har ka ƙirga tagogin gidan da ke ƙarshen titi, amma ko yayyafi ba ta so. Ɗayar kamar kwalin ashana take, maɓalli ɗaya babba a ka, tana yin ƙara in ta fara ɗauka, batirinta awa biyu, ga wani mariƙi da ke hana ta nutsewa.

"Ruwa ba ya shigarta?" in ji Itondo.

"Ko kaɗan, Papa. Ga shi nan a rubuce."

"Takarda ba ta taɓa shiga teku ba. Kawo bokiti."

"Bokiti kuma?"

"Da gishiri. Ruwanku na famfo ruwan wasa ne."

Etonde ta rufe fuska. Kamga ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya aika aka karɓo gishiri wajen mai abinci. Itondo ya dama da hannunsa, ya ɗanɗana, ya ƙara, ya sake ɗanɗanawa, sannan ya tsunduma kyamarar ya danne ta da tafin hannu. Mutane suka taru. Ya ƙirga ɗari uku da ƙarfi, ya ciro, ya danna, ta yi ƙara. Aka tafa masa kamar shi ya ƙera ta.

Kamga dai mutumin kirki ne, kada a zalunce shi. Kafin ya naɗe kayan sai da ya ce, "Papa, bari in gaya maka gaskiya. Wannan ƙaramar faɗi take ɗauka. Abin da ke kusa za ka gan shi tar, na nesa kuwa ƙanƙancewa yake yi. Me za ka ɗauka da ita?"

Nan ne fa! Da Itondo ya buɗe baki ya ce gaɓa yake son ɗauka daga tsakiyar teku, da Kamga ya nemo masa wata dabara. Amma a tudu yake, tsakiyar kasuwa, ga baƙin mutane sun kewaye shi sun baza kunnuwa. Ko kalmar gaɓa ji ya yi in ya furta ya fara tona asirin gidansu.

"Kifi," ya ce.

"In kifi ne, ka samu."

Washegari tun da sassafe ya hau mota, ya ƙi ko kwana biyu. Yana isowa ya sassaƙa ɗan katako ya kafa a hancin sauro, ya ɗaura kyamarar tana kallon baya, don in mutum ya fita teku gaɓa a bayansa take. Mpeke ya zo ya tsuguna yana kallo.

"Ka juya ta, tsoho. Kifi a ruwa yake, kai kuma ka saita ta a hancinka."

"In ka sayi taka ka juya."

"Ko fim za ka fara? Ka gaya mini in sayo maka hoda."

Kwana uku ya yi yana fita da ita. Matsalar ita ce ɗan gilashin da ke bayanta bai fi farcen babban yatsa ba, ya ƙura ido, ya kai shi hanci, ya kai shi rana, bai ga komai ba sai motsi. Dole ya jira Etonde ta zo dogon hutu da kwamfutarta, kwana goma sha ɗaya. Wayyo, kwanakin nan gidan bai ga zaman lafiya ba. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba. Ya sauya wa kyamarar maɓoya sau biyar, har ya manta ya zargi Ebenye, aka same ta cikin takalmin cocinsa. Kullum sai ya je bakin titi sau uku ya ga ko motar Duwala ta kawo Etonde kafin ranar da ta faɗa.

Ranar da ta iso ko ruwa bai bari ta sha ba. Ya tura Ebenye gidan maƙwabta, ya rufe ƙofa da taga da tsakar rana.

"Kunna. Kada ki kalle ni, bayana za ki kalla. Gaya mini abin da kike gani a gaɓa."

"Papa, ba kifi ka ce ba?"

"Ke dai kalla!"

Ta kalla. A bayansa akwai ruwa, akwai sama, a tsakaninsu wani ɗan kore siriri kamar zare. Wannan ita ce gaɓar gaba ɗaya. Ba itace, ba rufi, ba tudu. Abin da ya cika allon, tar kamar yadda Kamga ya yi alkawari, fuskar mahaifinta ce. Ta ga ya waiwaya ya ƙanƙance ido. Ta ga ya debi ruwan teku ya wanke idon, ya sake waiwayawa. Ya tuƙa dama, ya dawo hagu, ya saki dalmar fatsa ya jawo, ya saki ya jawo. Minti ashirin, minti arba'in, mutumin da duk ƙauye ke cewa a sauro ne kaɗai yake natsuwa yana ta juyi kamar kazar da ta rasa inda za ta yi ƙwai. Sai ta ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana magana da mahaifinsa da ya rasu tun tana goye, "Tsoho, ina ka ɓoye shi? Ba na gani, Tsoho. Ba na gani."

Ta tsayar da hoton. Shi yana tsaye a kanta yana karkaɗa ƙafa.

"Ya fito? Kin ga alamun?"

"Papa, tun yaushe?"

"Tun yaushe me? Na ce ya fito?"

"Ba abin da ya fito sai kai."

Ya fara zagin Kamga, ɓarawo, mai tumbin banza, gobe zai koma Duwala ya jefa masa abarsa. Etonde ta bar shi ya gama, sannan ta ce Kamga ya tambaye shi a gabanta, shi ne ya ce kifi. Ta tashi ta buɗe ƙofa, ta taka har bakin rijiya, ta ɗaga hannu. "Yatsu nawa?" Ya ce ba ya son wasan yara. Ta sake tambaya. Ya ce uku. Hannun a dunƙule yake. Nan ta tsaya a rana tana kuka, shi kuma ya rasa inda zai sa kansa don kunya.

Ta ja shi asibiti da ƙarfin tsiya. Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, ga maganin ɗigawa ko za a riƙe sauran na ɗan lokaci. A hanyar dawowa Itondo bai ce uffan game da idon ba, sai cewa yake ko a sayo mai dogon hancin a naɗe ta a leda. Etonde ta ce wa zai saita ta a kan abin da ba ya gani? Suna shiga gida ta ɗauki tsani ta shiga ɗakin girki, ta sauko da sauron kawunta Ngande, toka da yanar gizo-gizo na zubo mata a ka.

"Me za ki yi da wannan?"

"Ka ce sai a kan ruwa ake nunawa."

"Ga ɗa ake nunawa."

"To kirawo shi. Ina yake? Ni dai ni ka haifa."

Ebenye ta leƙo daga bayan tukunya ta ce, "Gaya masa dai, 'yar nan. In ba haka ba Mpeke ne zai gada." Wannan ce ta gama da shi. Ya fita ya zaga gidan sau biyu, ya dawo da ƙaro ya fara toshe tsagar sauron.

Sati uku Etonde tana shan ruwan gishiri. Sauro ba ya ɗaukar raini, ka yi atishawa ba shiri ya zubar da kai. Ta hau ta kife, ta hau ta kife, matan da ke bandar kifi suka sami abin kallo kyauta. "Malama, yau darasi na nawa?" Mpeke kuma yana daga gefe yana ihu, "Saki ƙafar, 'yata! Ba benci ba ne!" Itondo yana cikin ruwa iya ƙugu yana faɗa, ya yi gaba ya yi baya, ya ce hutunta zai ƙare, ya ce iskar damina na ƙaruwa, ya ce shi kam an haifa masa dutse a madadin 'ya. Amma ranar da ta wuce inda igiyar ruwa ke karyewa ta dawo ba ta jiƙe ba, ya shiga gida ya cinye kwano biyu, a tsaye.

Saura kwana huɗu ta koma Duwala suka fita. Gari ya waye sarai, teku a kwance. Mpeke, wanda bai taɓa barin Itondo ya fita shi kaɗai ba in ya sami dama, yana zaune a yashi ya ba teku baya, yana ɗinkin komar da ba ta yage ba. Ko waiwayowa bai yi ba. Kyamarar tana gida cikin takalmin coci.

Da suka yi nisa Itondo ya tsaya, ya jawo sauronta kusa da nasa da ƙafa, ya gaya mata alama ta farko. Ta waiwaya ta gan ta nan take. Ya ce saura ta biyu, ta nemi jan rufi a ƙetaren bakin kogi.

"Ban gan shi ba, Papa."

"Buɗe idonki! Ja ne kamar manja."

"Babu."

Suka matsa kudu, babu. Suka dawo arewa, babu. Rana ta ɗaga, iska ta fara kaɗawa. Itondo ya rikice, yana tuƙi yana faɗa, ya ce ita ma makauniyar ce, karatu ya cinye mata ido, ya ce shi ke nan an gama, a hannunsa abin ya mutu.

"Papa, tsaya. Siton koko kake nufi? Mai tsawon nan?"

"Ba a kiran suna! E, shi."

"Ai ga shi can. Rufinsa shuɗi ne. Tun hutun bara waccan na ga an sake masa kwano."

Itondo ya ajiye filafili a cinya. Shekara biyu ke nan yana fitowa kullum yana neman jan da babu shi a duniya, yana wanke ido da ruwan gishiri, kuma ba mai iya gaya masa, don ba wanda ya san abin da yake nema. Sannan ya ce, a hankali, ta ɗora shuɗin a inda ya gaya mata. Ta yi gaba kaɗan, shi yana bin ƙarar filafilinta, ta karkata hagu, ta ce ya hau. Ya ce ta saki dalmarta. Igiya ta yi ta tafiya ta cikin yatsunta, ta yi ta tafiya, sai ta ji ƙwas, ƙarfe ya bugi dutse. Ya miƙo hannu ya taɓa igiyar tata da yatsa biyu, ya ce ta ɗaga ta sake saki. Ƙwas.

"Shi ne," ya ce. "Riƙe da kyau. Naki ne."

Jajaye uku suka kawo, biyu nata. Da yamma Itondo ya jawo kujera ƙofar gida ya zauna yana fuskantar teku. Ebenye ta kawo abinci, ya karɓa ya ci a zaune. Ta kwashe kwanuka ta dawo, yana nan. Ta je rijiya ta dawo, yana nan, gwiwar ma ba ta motsi.

"Baban Etonde, lafiya? Ba za ka je bakin ruwa ka dawo ba?"

"Me zan ɗauko?" ya ce.

Ebenye ta shekara talatin da biyar tana roƙon Allah ya zaunar mata da mutumin nan. Ta shiga ɗakin girki, ta tsaya ƙarƙashin inda sauron Ngande yake rataye a da, ta toshe baki da zani don kada ya ji kukanta.